Iska ko Ruwa? Tambayoyi da Amsoshi kan Sanyaya Furosesa Mai Ƙarfi

Duk wanda ya tashi haɗa kwamfutar tebur mai ƙarfi, don tace bidiyo ne, ko zanen gine-gine, ko wasanni, sai ya iso wannan mararraba: na'urar sanyayawa ta iska zai ɗora wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ko ta ruwa? A shago sau da yawa ta ruwa ake fara miƙo wa mutum, don ta fi ɗaukar ido kuma ta fi tsada. Ni a ganina yawancin masu saye ta iska mai kyau ta ishe su, ta ruwa kuma tana da nata gurbin da babu mai ƙwace mata. Abubuwa uku ne ke raba gardama: yawan wutar da furosesan ke ja, zafin ɗakin da kwamfutar za ta zauna, da abin da zai faru ranar da na'urar ta lalace.

Mene ne bambancinsu a aikace?

Dukkansu iska ce ke kwashe zafin daga ƙarshe. Inda suka rabu shi ne hanyar da zafin ke bi daga kan furosesa zuwa gaban fanka.

Ta iska tana da gindi na jan ƙarfe da ke zama daram a kan furosesa. Daga gindin bututai shida ko takwas suke tasowa su ratsa tarin siraran farantan alminiyam, fanka ɗaya ko biyu na hura iska ta tsakaninsu. A cikin bututan nan ma akwai ɗan ruwa. An zuƙe iskar ciki an liƙe bakinsu, shi ya sa ruwan ke tafasa tun zafi bai yi nisa ba. Tururin ya haye sama, ya huce a tsakanin farantai, ya koma ruwa, ya biyo bangon bututun ya dawo gindi. In ban da fanka, babu abin da ke motsi a jikinta.

Ta ruwa, wadda aka fi sani da AIO, tana zuwa ne a rufe daga kamfani. Akwai kan da ke zama bisa furosesa, galibi da ɗan famfo a cikinsa, sai tiyo biyu, sai lagireto irin na mota amma ƙarami, wanda ake ɗaure wa fankoki. Famfo na tura ruwan ya ɗebi zafi, ya kai lagireto, ya huce, ya dawo. Ana auna girmanta da tsawon lagireton: milimita 120, 240, 280, 360 ko 420.

To ai ruwa ya fi iska ɗaukar zafi. Me ya rage na gardama?

Gaskiya ne, giram ɗaya na ruwa yana ɗaukar zafi kusan ninki huɗu na giram ɗaya na iska, ga shi ya fi ta nauyi nesa ba kusa ba. Amma ruwan dako kawai yake yi. Yawan zafin da za a iya zubarwa ya dogara ne da faɗin farantan da iska ke bugawa da kuma ƙarfin fankokin. Shi ya sa AIO mai lagireto 120 ba ta kai babbar ta iska mai hasumiya biyu, wato tarin farantai biyu, ba, mai 240 sukan yi kankankan da ita, sai daga 360 zuwa sama ruwa ke yin gaba sosai. Wanda ya sayi ƙaramar AIO don kawai a ce yana da ta ruwa ya ɗauki haɗarin famfo bai samu ribar sanyi ba.

Yaya zan gane ko furosesana yana buƙatar ta ruwa?

Ka duba wutar da yake ja idan an matsa masa. Kusan duk wat ɗin da ya shiga furosesa zafi yake komawa. Kuma kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Core i9-13900K na Intel, wanda ya fito a 2022, an rubuta masa wat 125, amma an yarje masa ya kai 253, kuma a madabod (babban allon da ake dasa kayan kwamfuta a kansa) da aka cire masa takunkumi yana wuce 300. Haka 14900K da ya biyo bayansa a 2023. Core Ultra 9 285K na 2024 iyakarsa 250. A ɓangaren AMD, Ryzen 9 7950X an rubuta 170 amma yana iya jan 230.

Irin waɗannan, idan aikinka na ɗora musu kaya na tsawon sa'o'i, kamar mai fitar da dogon fim bayan ya gama tacewa ko mai sarrafa zanen 3D, lagireto 360 ko 420 zai ba ka sarari na gaske. Babbar ta iska za ta riƙe su, amma a bakin iyaka, fankoki na gudu da dukkan ƙarfinsu.

Mai wasanni kuwa lissafinsa daban. Ryzen 7 7800X3D, wanda masu wasanni suka yi rububinsa tun 2023, ba ya ko kai wat 100 a cikin wasa. Duk furosesan da bai wuce wat 200 ba a aikin da kake yi kullum, ta iska mai hasumiya biyu ta wadatar.

Sabon Ryzen ɗina yana kai digiri 95. Na'urar sanyayawar ce ta kasa?

Ba lallai ba. AMD ta ƙera jerin Ryzen 7000 ne yadda za su riƙa ƙara gudu har sai sun taɓa digiri 95 a ma'aunin Salshiyas ko iyakar wutarsu, duk wanda ya riga zuwa, kuma kamfanin ya faɗa cewa da gangan ne. Na Intel na ƙarni na 13 da 14 iyakarsu 100. Idan furosesa ya isa iyakar, da kansa yake rage gudu don kare kansa. Abin dubawa shi ne gudun da yake yi a wannan zafin da kuma sakamakon aikinsa.

Akwai kuma wani abu da girman na'ura ba ya magancewa. Zafin yana fitowa ne daga ɗan ƙanƙanin wuri a ƙarƙashin murfin ƙarfen furosesa, kuma sai ya ratsa murfin kafin ya iso ga na'urar. A 7800X3D an ɗora ƙarin ma'ajiyar bayanai a saman ƙwayoyin aikin, abin da ya ƙara tare wa zafi hanya, shi ya sa iyakarsa 89. A 9800X3D na 2024 aka mayar da ita ƙasa. A irin wannan furosesa, za ka sa lagireto 420 ka ga digiri kaɗan kawai ya sauka.

Gwaje-gwajen da nake gani a intanet sun dace da yanayinmu?

Wannan ita ce tambayar da na fi so mai saye ya tsaya a kanta. Yawancin gwaje-gwajen nan a Turai da Amurka ake yin su, a ɗakin da bai wuce digiri 21 zuwa 25 ba. Babu na'urar sanyayawa, ta iska ko ta ruwa, da za ta sauke furosesa ƙasa da zafin iskar ɗakin. Abin da take iyawa shi ne riƙe tazara tsakaninsa da ɗakin, kuma tazarar kusan ɗaya ce ko'ina. Ɗauki misali: an gwada na'ura a ɗaki mai digiri 22 furosesa ya tsaya a 85, tazara 63 ke nan. Kawo wannan kwamfutar shagon da ke digiri 38, lissafi ya haura 100. Furosesan ba zai ƙone ba, zai dai rage gudu, aikin minti arba'in ya ja ya ƙara tsawo.

A Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, daga Maris zuwa Mayu zafin rana na wuce digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ba silin kuwa ba a magana. Saboda haka na'urar da aka ce ta isa a gwaji, a wurinmu ka hau mataki ɗaya sama da ita. Nan ne hujjar ta ruwa ta fi ƙarfi ga mai babban furosesa. Sai dai zafin nan da ya sa kake buƙatarta shi ne kuma ke rage mata kwana, kamar yadda za mu gani.

Kada kuma ka manta zafin da na'ura ta kwashe cikin ɗakinka take juye shi. Furosesa mai wat 250 da katin hoto (wanda ke zana abin da ke fitowa a allo) irin RTX 4090 mai wat 450 sun kai wat 700 na zafi a ɗaki. In ba eyakwandishan, kuma ƙofa da taga a rufe, bayan awa ɗaya iskar da fankoki ke shaƙa ta riga ta ɗumama. Buɗe taga da jawo kwamfutar daga lungu sukan yi abin da canjin na'ura bai yi ba.

Ta ruwa ba ta yoyo ta lalata kaya?

Tana iya yi, amma ba kasafai ba in daga kamfanin kirki ta fito. Abin da ya fi kashe AIO abu biyu ne. Na farko famfo, wanda ke juyawa ba hutawa muddin kwamfuta na kunne. Na biyu ruwan da kansa: sannu a hankali yana tsatsafowa ta jikin tiyo ya bi iska, ba tare da ka ga ɗigo ko ɗaya ba, kuma zafi na hanzarta hakan. Ruwa ya ragu, iska ta cike gurbinsa. Ga kuma sinadarin hana tsatsa da ke cikin ruwan yana tsufa, alhali galibi kan na jan ƙarfe ne lagireto na alminiyam, ƙarafa biyu da ke cin juna in sun haɗu a ruwa ɗaya ba kariya. Dattin da ya samu sai ya toshe ƙananan hanyoyin da ke cikin kan.

Manyan kamfanoni kan ba da garantin shekara biyar ko shida. Arctic na ba Liquid Freezer III shekara shida. Ka ɗauki wannan a matsayin kimanin rayuwar da za ka sa rai da ita, abin da ya ƙaru riba ne.

Yaya zan san famfon ya mutu?

Ka kunna kwamfuta, ba ka buɗe komai ba, cikin minti kaɗan zafi ya haye 90, fankoki na ihu, amma ka sa hannu bayan lagireto ka ji iska mai sanyi ce ke fita. Taɓa tiyon biyu: kusa da kan ya yi zafi jau, can wajen lagireto kuwa sanyi ƙalau. Ruwa ba ya zagayawa ke nan. Kafin a kai nan yakan yi gargaɗi da ƙara, ko dai ɓul-ɓul na kumfa, ko wani kaɗa-kaɗa kamar ana niƙa tsakuwa. Manhajar HWiNFO ko shafin BIOS, wato saitin madabod da ake shiga yayin kunna kwamfuta, za su nuna maka gudun famfon. In sifiri ka gani, fara duba wayarsa ko ta zare.

Ita ta iska fa, me ke lalacewa a jikinta?

Fanka. Ko ta tsaya, curin ƙarfen zai ci gaba da ɗaukar zafi daidai gwargwado, ka kammala ƙaramin aiki, ka sayo fanka mai milimita 120 ko 140 ka maƙala da 'yan wayoyin riƙonta. Wannan ne babban dalilin da ya sa nake karkata ga iska a wurarenmu. Garantin shekara shida yana da amfani ne ga wanda zai iya mayar da kaya. Wanda ya yi odar AIO daga waje, ko wani ya taho masa da ita daga Dubai, ko aka aiko masa daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ranar da famfo ya tsaya aikinsa ya tsaya har sai wata ta iso. Ga mai cin abinci da kwamfutarsa, kwanakin nan asara ce.

Ta iska kuma tana bin mutum daga kwamfuta zuwa kwamfuta. NH-D15 ta kamfanin Noctua na ƙasar Ostiriya ta fito tun 2014, kuma har yau ana ɗora ta a sababbin furosesa, don kamfanin kan aika wa mai shaidar saye ƙarafan ɗauri na sabon soket, wato gurbin da furosesa ke zama, kyauta.

Wacce ta fi jure ƙurar hunturu?

Duka biyun suna shan wahala, amma lagireto ya fi. Farantansa sun fi matsewa, kuma ƙurar tana taruwa ne a tsakanin fanka da lagireto, inda ido ba ya gani. Daga waje komai tsaf, sai ka kwance fankar ka tarar da shimfiɗar ƙura mai kauri da za ka iya ɓarewa da yatsa ta fito a dunƙule. Ta iska farantanta a buɗe suke, ka zare fanka ka hure.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu a riƙa dubawa duk wata. Kashe kwamfuta, zare ta daga wuta, fitar da ita waje, ka hure da bulowa. Riƙe fukafukan fanka da yatsa yayin hurawa, don iskar bulowa na juya su fiye da ƙima ta lalata musu gindi. Kada tsumma mai laima ya shiga ciki. Ka ɗaga akwatin daga ƙasa, ka sa fankokin da ke shigo da iska su ɗan fi masu fitarwa yawa, kuma su shaƙa ta bayan raga, don kada ƙura ta riƙa kutsowa ta kowace kafa.

Wacce ta fi shiru?

In kwamfuta na hutawa, ta iska, don famfo ba ya daina ɗan zuzarsa. In aiki na hawa da sauka, ta ruwa ta fi daɗin kunne, saboda ruwan na ɗaukar lokaci kafin ya ɗumama, fankoki ba sa zabura duk sanda ka buɗe wani abu. Wannan jinkirin ne ma ke yaudarar masu gwajin minti biyu. Ka bar Cinebench, manhajar gwada ƙarfin furosesa, ta yi aƙalla rabin awa kafin ka yanke hukunci.

Za ta shiga akwatina?

Auna kafin ka biya kuɗi. NH-D15 tsayinta milimita 165, sabuwarta ta G2 kuma 168, akwatuna da yawa ba sa rufuwa a kansu. Fankarta ta gaba tana rufe RAM, wato sandunan ma'ajiyar wucin gadi da ke tsaye kusa da furosesa, kuma sararin da ta bari milimita 32 ne kacal, don haka RAM mai dogon kai da fitilu sai an ɗaga fankar, tsayi ya ƙaru. A ɓangaren ruwa, ban da tsawo a duba kauri. Yawancin lagireto milimita 27 ne, na Arctic 38, in an haɗa da fanka yakan tokare RAM ko ƙarafan madabod a rufin wasu akwatuna. In a gaba za ka ɗaura, tabbatar dogon katin hoto zai samu wuri.

A ina ya kamata in ɗaura lagireto?

Ƙa'ida ɗaya ce: kada famfo ya zama shi ne mafi tsayi a zagayen ruwan. Kowace AIO akwai 'yar iska a cikinta, kuma iska sama take nema. In famfo ne a sama, can za ta taru, ya riƙa juyawa a bushe yana ƙara har ya mutu da wuri. Rufin akwati ya fi. In gaba ne, saman lagireton ya ɗara famfo tsayi, tiyo kuma su fito ta ƙasa in sun isa. Kada a shimfiɗa shi a ƙasan akwati. Famfon kuma a bar shi a gudu guda tsayayye, fankoki su ne za su riƙa hawa da sauka.

Na sa babbar na'ura amma har yanzu zafi. Ina matsalar?

Fara da ledar da ke manne a gindin sabuwar na'ura. Siririya ce, garau, kuma ana mantawa da ita fiye da yadda kake zato. Sai man da ake shafawa tsakanin furosesa da gindin: kamar ƙwayar wake a tsakiya ya isa ga yawanci, furosesan Intel masu tsawo kuma a ja ɗan layi. MX-6 na Arctic ko NT-H1 na Noctua sun wadatar. Notuna a ɗaure su bi da bi, kusurwa da kishiyarta, kada a gama da ɗaya kafin a taɓa saura. Sai akwatin kansa. Wanda gabansa gilashi ne a toshe yana shaƙe kowace irin na'ura.

A soket ɗin LGA1700 na Intel, maƙallin da ke danne furosesa yakan ɗan lanƙwasa shi, tsakiyarsa ta ƙi haɗuwa da gindin na'ura sosai. Thermalright da Thermal Grizzly suna yin wani firam da ake maye gurbinsa da shi, yakan sauke 'yan digirori.

In kuma 13900K ko 14900K ɗinka yana faɗuwa a tsakiyar aiki, kada ka ɗora laifin duka a kan sanyi. Intel ta amsa a 2024 cewa wutar da ta wuce ƙima na lalata waɗannan furosesa, ta fitar da gyara ta hanyar BIOS, ta kuma ƙara musu garantin shekara biyu. Sabunta BIOS kafin komai.

Akwai hanyar rage zafi ba tare da sayen sabuwar na'ura ba?

Akwai, kuma kyauta ce. Wat ɗin ƙarshe da ake ɗura wa waɗannan furosesa zafi mai yawa suke kawowa, gudun da suke ƙarawa kaɗan ne. A Ryzen akwai Eco Mode da ke mayar da 7950X matakin wat 105, saurin da ake rasawa ɗan kaɗan ne, zafi kuwa ya sauka sosai. A Intel ana shiga BIOS a sa wa wutar iyaka, misali 200. Ga mai aiki da inbata, sola ko janareta, riba biyu ce, don batir ma zai ƙara jimawa. Da wannan gyaran, furosesan da aka ce sai ruwa yakan zauna lafiya a ƙarƙashin ta iska.

In aka ɗauke wuta famfo ya tsaya, furosesa ba zai ƙone ba?

A'a. Famfo da furosesa tare suke tsayawa, zafin da ya rage kuma bai isa ya yi ɓarna ba.

Zan iya buɗe AIO in ƙara ruwa, ko in sa mai ƙanƙara?

Yawancinsu ba a yi su don a buɗe ba, buɗewar kuma na kashe garanti. Ruwan famfo ko na leda yana da gishirin da zai haddasa tsatsa da gansakuka a ciki. Ƙanƙara kuwa haɗari ce: ƙarfen da ya fi iskar ɗaki sanyi sosai yakan yi raɓa, raɓar ta ɗiga a kan madabod. Masu haɗa nasu zagayen ruwa da hannu, da tanki da famfo daban, suna samun sanyin da ya fi kowanne, amma da kuɗi mai yawa da wankewa da canjin ruwa kusan duk shekara. Sha'awa ce mai kyau ga mai hali da lokaci, ban dai ba mai kwamfutar sana'a shawararta ba.

Batun kuɗi fa?

Peerless Assassin 120 ta Thermalright, mai hasumiya biyu da bututai shida, ba ta kai dala 50 ba a kasuwannin waje, kuma tazararta da masu ninkin kuɗinta 'yan digirori ne. NH-D15 G2 ta fito a 2024 a kan kusan dala 150. AIO mai 360 ta kirki tana kewayen dala 100 zuwa sama, masu ɗan allo a kai sun fi haka nesa, allon kuma ba ya sauke ko digiri ɗaya. In kuɗinka a ƙididdige suke, rarar ta tafi ga akwati mai raga a gaba da fankoki masu kyau.

In sayi ta hannu?

Ta iska, saya. Duba bututan ba su lotse ko sun huje ba, gindin bai karce ba, kuma ƙarafan ɗaurin soket ɗinka suna ciki, don su ne suka fi ɓacewa. AIO ta hannu kuwa ba ka san shekarunta ba, ba ka ganin cikinta. In ka girgiza lagireton ka ji ruwa na kaɗawa sosai, ya ragu ke nan. Ni ba zan ɗora ta a kan furosesa mai tsada ba.

Zan yi tafiya da kwamfutar a mota. Akwai abin kiyayewa?

Nan ta ruwa ta fi sauƙi, don nauyinta a jikin akwati yake ɗaure. NH-D15 da fankokinta ta haura kilo ɗaya, kuma a jikin madabod take rataye. A hanya mai ramuka kowane tsalle fizgar soket take yi. In tafiyar gajera ce, kwantar da akwatin yadda madabod zai kasance a ƙasa na'urar na tsaye a kansa. In doguwa ce, ko za ka ba direba saƙo a tasha, cire na'urar da katin hoto ka naɗe kowanne daban, ka tafi da man shafawa don ɗaurawa in an isa. Mai AIO kuma in ya sauka ya tsayar da akwatin yadda ya saba zama, ya kunna, ya saurari famfon na 'yan mintuna har kumfar da tafiya ta motsa ta koma lagireto kafin ya ɗora wa kwamfutar aiki mai nauyi.